Na yi MBA na shiga harkar kuɗi, ga abin da na tarar

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da na taɓo maganar aikina kwanakin baya, ƙanne uku suka biyo ni ta bayan fage da tambaya kusan iri ɗaya: su ajiye aiki su tafi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ko su ci gaba da lallaɓawa? Na ga gara in baje labarina a fili, waɗanda suka fi ni sani su gyara mini.

Na shiga makarantar koyon kasuwanci a Satumbar 2008. Ba mu yi nisa da fara karatu ba bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, ranar 15 ga wata, da kadarorin da suka haura dala biliyan 600 a littafinsa. Washegari malaminmu ya shigo bai buɗe darasin ranar ba. Ya rubuta 30 a allo, ya ce a kan kowace dala ɗaya ta masu bankin an ɗora kusan talatin ta bashi. Ya ce mu lissafa, kashi nawa darajar kadarorin za ta faɗi kafin jarin ya ƙare ƙaf? Kashi 3 da 'yan kai cikin 100. Aji ya yi tsit, domin da yawanmu irin wannan bankin muka zo neman hanyar shiga.

Na fito a 2010, lokacin da samun aikin banki ya yi wuya ƙwarai. Wata bakwai ina aika takardu. Wanda ya kai sunana gaban manaja a ƙarshe abokin karatuna ne da muka yi aikin rukuni tare, kuma ba zan ɓoye wannan ba, yana cikin abin da mutum ke saya idan ya biya kuɗin MBA. Matsakaicin bankin zuba jari ne, sashen da ke ba kamfanoni shawara idan za su sayi wani kamfani ko su sayar da nasu. Aikina ƙiyasta daraja: in zauna da manhajar lissafi ta Excel in yi hasashen kuɗin da kamfani zai riƙa samu shekaru masu zuwa, in dawo da su darajarsu ta yau.

Akwai daren da ban manta ba. Wajen ƙarfe ɗaya oga ya tsaya a bayan kujerata, kwat ɗinsa a kafaɗa, ya dubi lambar ƙarshe ya ce ta yi ƙasa, mai kamfanin ba zai ba mu aikin ba in ya ga haka. Bai ce in yi ƙarya ba. Yatsa kawai ya ɗora a kan gida biyu na jadawalin. Bari in sauƙaƙa lissafin. A ce kamfani yana samar da tsabar kuɗi 10 a shekara. Na ɗauka mai zuba jari zai nemi kashi 10 cikin 100, kamfanin kuma zai riƙa girma da kashi 4. Ka raba 10 da bambancin, wato kashi 6, ka sami 167. Oga ya ce girman ya koma 5, abin da mai jari ke nema ya sauko 9. Bambanci ya zama 4, daraja ta tashi 250. Kamfanin bai sayar da ko kwali ɗaya ƙari ba, amma darajarsa ta ƙaru da rabi cikin minti biyu, kuma kowace lamba a cikin biyun ana iya kare ta a gaban kwamiti. Na canja, na tura, na je gida barci ya ƙi zuwa.

Bayan shekara biyu da rabi na koma wani bankin kasuwanci, sashen tantance masu neman rance. Albashi ya ragu, abokai suka ce ci gaban mai haƙan rijiya na yi. A watana na huɗu aka haɗa ni da wani dattijo a sashen, muka je duba wani kamfanin rarraba kaya da ke neman ƙarin rance. Takardunsa tsaf, riba shekara uku a jere, ni har na gama amincewa a raina. Dattijon bai zauna a ofishin darakta ba, ya ce a buɗe masa sito. Ya wuce layukan gaba ya shige can ƙurya, ya shafa saman wani kwali, ya nuna mini tafin hannunsa ya yi fari da ƙura. Ya juya kwalin, kwanan watan da ke jiki ya kusa shekara biyu. A littafi duk wannan haja ce mai daraja, a ƙasa kuwa kuɗi ne da suka kwanta ba za su tashi ba. Da muka dawo ya sa na jera ribar shekara ukun kusa da tsabar kuɗin da suka shiga asusu da gaske. Riba na hawa, kuɗi na sauka. Rancen da suke nema na biyan tsohon rance ne.

Shekara shida na yi a wannan sashen. Yanzu ni ne ma'ajin wani kamfani mai masana'anta, aikina in tabbatar akwai kuɗin albashi da na masu kawo mana kaya ranar da ya kamata. MBA ta buɗe mini ƙofa, ta koya mini yaren mutanen harkar. Amma abin da nake aiki da shi kullum a hannun dattijon nan na koya, wato bin sawun kuɗi daga inda suka fito zuwa inda suka maƙale. Shawarata ga ƙannena: ku fara yin shekara biyu ko uku a sashen rance ko odit (binciken littattafan kuɗi), sannan ku duba ko MBA ɗin na da sauran amfani a gare ku.

Ɗan Lissafi:
Wa alaikumus salam Yaya. Ai da bakinka ka faɗa, abokin aji ne ya sama maka aiki, dattijo ne ya koya maka aiki. To me makarantar ta yi? Ni a ganina MBA sayen abokai ne da tsada. A Amurka shekara biyu cur, ga kuɗin makaranta ga albashin shekara biyu da ka rasa. Ni CFA nake yi, wato jarrabawar ƙwarewa a nazarin zuba jari, ina mataki na biyu, ban ajiye aikina ba. Mataki uku ne, ana ba da shawarar karatun kamar awa 300 a kowane mataki, sannan sai ka haɗa awa 4,000 na aiki a fannin cikin aƙalla wata 36 kafin a ba ka shaidar. Tun 1963 ake yin jarrabawar, ba wanda ke tambayarka ɗan wa kake ko wa ka sani. Ka ci, ka ci. Ka faɗi, ka faɗi.

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Ƙanina, CFA ta fi MBA zurfi a kan zuba jari, ba gardama. Amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Mai CFA yana zaune a fanninsa yana ƙara zurfi. MBA ta fi amfanar wanda yake so ya canja layi gaba ɗaya, kamar ni da na fito daga injiniyanci ban san bambancin riba da tsabar kuɗi ba. Kuma ba kowace ce shekara biyu ba, ta makarantar INSEAD a Faransa wata goma ce.

Ɗan Lissafi:
Wata goma ko shekara biyu, nawa ne cikin masu karanta mu za su iya shiga irin waɗannan makarantun? Wanda zai je ƙaramar makarantar da manyan kamfanoni ba sa zuwa ɗaukar ma'aikata fa, wace ƙofa za ta buɗe masa?

Anti Mai Odit:
Nan Ɗan Lissafi ya yi gaskiya, kuma ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin ya biya ko kwabo. Ka tambayi makarantar waɗanne kamfanoni suka ɗauki ɗalibanta bara, a wane matsayi, bayan wata nawa. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da kanka, ba waɗanda makarantar ta zaɓo maka ba. In ana ta kwana-kwana, ka riga ka sami amsa.

Ni ACCA na yi, wato shaidar ƙwarewar akantoci, takardu 13 a tsarin da muka bi, da wata 36 na aiki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina binciken littattafan kamfanoni. Abin da mai gabatar da zancen ya faɗa a kan tsabar kuɗi haka yake, amma zan ƙara masa abu ɗaya: ita ma tsabar ana ƙirƙirar ta a takarda. Ku tuna Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus. A Yunin 2020 aka nemi yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankuna biyu a Filifin, bankunan suka ce ba su san zancen ba. Kamfani ne da ke cikin manyan 30 na kasuwar hannun jarin Jamus a lokacin. Shi ya sa ƙaramin ma'aikacin da ke ƙarƙashina ba ya karɓar takardar banki daga hannun kamfanin da muke bincika. Mu ke rubuta wa bankin, mu yake aiko wa amsa. Wani yaro ya taɓa ce mini wannan aikin masinja ne, shi da digiri biyu. Na ce masa ranar da ka ga wannan ya yi maka ƙanƙanta, ranar ka fara zama haɗari ga wanda ya amince da sa hannunka.

Baffa Tsohon Ma'aji:
Madalla da ke 'yata. Na yi shekara talatin da huɗu a banki kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa ganin wanda rashin takardar shaida ya kai shi ƙasa ba. Waɗanda na ga sun faɗi, hali ne ya kayar da su, ko kuma an bar mabuɗi biyu a hannun mutum ɗaya. Bankin Barings na Ingila an kafa shi tun 1762. A 1995 yaro ɗaya a reshensu na Singafo, Nick Leeson, ya gama da shi. Shi ke cinikin, shi ne kuma ke kula da sashen da ke tantance cinikin, ya riƙa ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827. Aka sayar da bankin ga bankin ING na Holan a kan fam 1. Shugabanninsa a Landan suna ganin riba tana zuwa, ba wanda ya so ya tambayi daga ina. Ku yara masu ɗokin shiga sashen da ake rabon garaɓasa mai kauri, ku sani sashen da kuke rainawa shi ke riƙe da ginin.

Kai kuma ɗana mai labari, daren da ka canja lambar nan, ka yi kuskure. Na ji daɗi da barci ya ƙi zuwa maka.

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Na karɓa Baffa, Allah ya ƙara girma. Abin da ya kamata in yi shi ne in ajiye lissafin biyu gefe da gefe, in rubuta dalilin kowanne, wanda zai yanke hukunci ya yanke da idonsa a buɗe. Yanzu haka nake sa yarana su yi.

Malam Na Gefe:
Ni dai ina ta sauraro ban ji wanda ya taɓo babban al'amarin ba. Ana ta cewa rance, rance. Rancen nan ba da kuɗin ruwa ake bayarwa ba? Aya ta 275 a Suratul Baƙara a fili take, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba. Yaya za a tura ƙannenmu sashen da aikinsa kullum shi ne rubutawa da lissafa ta? Ba don in ɓata wa kowa rai na faɗa ba.

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Malam, ba ka ɓata mini rai ba, kuma ba zan yi maka kwana ba. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa na bar bankin. Na daɗe ina ɗage tunanin, har ya kai ba na iya ɗagewa. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Da na san abin da na sani yanzu, da bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa zan nema tun farko, don ilimin tantance mai neman kuɗi iri ɗaya ne a ko'ina.

Hajiya Mai Sukuk:
Bari in shigo nan tunda gonata aka taɓo. Shekara tara nake a bankin Musulunci, kuma ni ma MBA na yi. Malam, fage ne babba yanzu. An fara gwajinsa a garin Mit Gamr na Masar a 1963, aka buɗe Dubai Islamic Bank a 1975, hukumar AAOIFI da ke Bahrain tun 1991 take tsara ƙa'idojin shari'a da na akanta, har da takardun shaidarta na ƙwarewa. Babban bankin Malesiya ya kafa jami'ar INCEIF a Kuwala Lumfur don wannan karatun kaɗai. Gwamnatin Birtaniya ma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na fam miliyan 200 a 2014.

Amma kada ƙannena su ɗauka sauƙi ne. A murabaha banki ne ke sayen kayan ya mallake su, sannan ya sayar wa kwastoma da ribar da aka sani, a biya a hankali. In kwastoma ya makara ba ka da damar ninka masa bashi ka ci. Saboda haka in ka yi sakaci wajen tantancewa, asarar a kanka take. A mudaraba da musharaka kuwa kai abokin tarayya ne, in mai kasuwancin ya ɓoye riba an cuce ka. Shiga siton nan da shafa kwalin da ɗan'uwa ya ba da labari, mu a wajenmu ya fi zama dole.

Zan kuma faɗi abin da ke damuna a gidanmu. Yawancin cinikinmu murabaha ne, tarayya ta gaskiya kaɗan ce, domin bankuna na tsoron kasada. Sau da yawa kuma ana duba kuɗin ruwan kasuwa ne wajen yanke ribar da za a ɗora. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun ce awo ne kawai, wasu ba su gamsu ba. Muna buƙatar yaran da suka san fiƙihun ciniki kuma suka iya lissafi, da wuya ka sami mai duka biyun.

Malam Na Gefe:
Na gode Hajiya da ba ki rufe aibin ba. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da nake ji a bakin mutane, cewa suna kawai aka canja.

Hajiya Mai Sukuk:
Wani wurin suna aka canja, wani wurin ciniki ne na gaske. Hanyar ganewa ɗaya ce Malam, a tambaya: bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar? In sun lalace a wannan tsakanin, asarar wa?

Mai 'Yar Masana'anta:
Ku yi haƙuri, ni daga ɗaya ɓangaren teburin nake. Irinku masu shafa kwali kun hana ni barci. Ina da oda a hannu, ciniki ya kusa ninkawa a shekara biyu, ina da riba, na je neman kuɗin sayen kayan aiki wani yaro da bai taɓa biyan albashin ko mutum ɗaya ba ya ce a'a. Bai ma iya gaya mini dalili ba, sai "ba ka cika sharuɗɗa ba". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har bankin ma da kuɗin mutane yake aiki. Wannan ne ilimin da kuke kashe shekaru kuna koya?

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Alhaji, wanda ya ce maka a'a bai ba ka dalili ba, bai yi aikinsa ba. Amma in tambaye ka abu uku. Kwana nawa kayanka ke yi tun daga shigowarsu ɗanye har ka sayar? Kwana nawa masu sayen ke ɗauka kafin su biya? Kai kuma kwana nawa masu kawo maka kaya ke ɗaga maka ƙafa?

Mai 'Yar Masana'anta:
Kamar wata biyu kafin su fita. Manyan kwastomomina sai sun yi wata uku. Masu kawo mini kaya wata ɗaya, wasu ma hannu da hannu.

Mai Bin Sawun Kuɗi:
To ka gani. 60 da 90 sun zama 150, ka cire 30, saura kwana 120 da kake ɗauke da kuɗin wasu a wuyanka. Kowane ciniki da ka yi, sai ka ciyar da shi wata huɗu daga aljihunka kafin ya dawo. Idan ciniki ya ninka, ramin ma ninkawa yake. Shi ya sa kamfani mai riba ke iya mutuwa a shekarar da ya fi kowace ciniki. Da ni ne a teburin, ba zan ce maka a'a kawai ba. Zan ce ka kawo takardun bashin manyan kwastomomin nan a ba ka kuɗi a kansu, ko ka ba su ɗan ragi su biya cikin kwana 30. In ka rage kwana 120 zuwa 80, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da suka maƙale maka ya fito daga cikin gidanka.

Mai 'Yar Masana'anta:
A faɗa da baki sauƙi ne. Babban kamfani in ka matsa masa a kan biya, gobe ya koma wajen wani.

Baffa Tsohon Ma'aji:
Gaskiya ne Alhaji, amma kwastoman da ke riƙe maka kuɗi wata uku, kai ne bankinsa, kuma kyauta kake masa.

Autar Zaure:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ni ina shekarar ƙarshe a jami'a, tattalin arziki nake karantawa. Burina bankin zuba jari, amma abu biyu na tsorata ni. Ana cewa ba a barci. Ana kuma cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su cinye aikin ƙananan ma'aikata. Shin har yanzu akwai amfanin in nufi can?

Maman Biyu:
Auta, na yi shekara uku a irin wannan aikin, bari in gaya miki abin da na gani. Maganar rashin barci ba ƙari a ciki. A 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na bankin Goldman Sachs sun yi wa kansu ƙuri'ar jin ra'ayi ta fito duniya, suka ce kusan awa 95 suke yi a sati, barcin awa biyar. Ni abin da ya fi ci mini rai ba yawan awannin ba ne, rashin sanin lokacinka ne. Za ki wuni kina jiran gyara daga wajen oga, sai magariba ta yi ya aiko, a ce ana so kafin gari ya waye. Ba za ki iya yi wa kowa alkawarin zuwa ko'ina ba. Na rasa abubuwa a gidanmu da ba za su dawo ba.

Amma ba zan ce kada ki je ba. Abin da na koya a shekara ukun nan ya fi na shekara shida a wani wurin, kuma har yau sunan wurin na buɗe mini ƙofa. Ki shiga da ranar fita a ranki, ki riƙa ajiye rabin garaɓasarki, kada ki ɗaga rayuwarki ta kai inda ba za ki iya barin aikin ba. Waɗanda na bari a can suna kuka, yawancinsu tsadar rayuwar da suka ɗora wa kansu ce ta ɗaure su. Ni yanzu ina sashen kula da dukiyar asusun fansho, ina cin abincin dare da 'ya'yana.

Anti Mai Odit:
Game da manhajojin kuwa, eh, suna tsara jadawali da taƙaita rahoto cikin daƙiƙoƙi, muna amfani da su. Abin da ke damuna shi ne wannan ƙaramin aikin mai gajiyarwa a cikinsa muka koyi gane lambar da ba ta zauna daidai ba. Wanda bai taɓa haɗa lissafi da hannunsa ba, ta yaya zai gane na'ura ta yi kuskure? Ki koyi amfani da su Auta, amma ki fara ginawa da kanki tukuna.

Ɗan Lissafi:
Yaya, na dawo maka, amma wannan karon ta ɗaya gefen. Na sake karanta labarinka, ina ganin ka rage wa aji haƙƙinsa, har ni ma da nake sukar MBA. Dubi bankin Silicon Valley Bank na Amurka. Ya kwashi ajiyar mutane da za su iya nema kowace rana ya zuba a takardun lamuni, wato takardun bashin da gwamnati ko kamfani ke sayarwa, masu dogon zango. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 4.5 cikin shekara ɗaya, darajar takardun ta faɗi, bankin ya sayar da wasu da asarar dala biliyan 1.8, masu ajiya suka nemi cire biliyan 42 a rana ɗaya, aka rufe shi ranar 10 ga Maris 2023. Ba sito ba kwali a wannan labarin. Cewa darajar takardar lamuni na faɗuwa idan kuɗin ruwa ya tashi, kuma mai dogon zango ta fi jin jiki, darasin zangon farko ne. Shi kansa 30 ɗin da malaminku ya rubuta a allo, ai a aji ka ji shi.

Mai Bin Sawun Kuɗi:
Ka kama ni ƙanina, na sallama wannan. Da ban san yadda rahotannin kuɗi uku, wato na riba, na kadara da bashi, da na tsabar kuɗi, ke haɗuwa ba, da ƙurar da dattijon ya nuna mini ƙura ce kawai, ba zan san a wane layi na littafi take ɓuya ba. Sai dai ka riƙe wannan kusa da shi: asusun zuba jari na LTCM a Amurka na da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1997, shekara ɗaya bayan nan ya yi asarar sama da dala biliyan 4, sai da manyan bankuna 14 suka haɗa kuɗi aka tare shi. Su ma bashi suka ɗora fiye da kima. Abin da zan gyara a maganata ta farko shi ne tsari. Wanda ya fara aiki kafin ya koma aji, yana zuwa da tambayoyinsa a hannu. Ni na je ban san me zan tambaya ba, rabin abin da aka koya mini sai bayan shekara huɗu na gane shi.

Auta, ga aiki in kina so. Ki ɗauko rahoton shekara na kowane kamfani da ke kasuwar hannun jari, kyauta suke a shafukansu na intanet. Ki raba bashin da yake bin kwastomomi da cinikinsa na shekara, ki ninka da 365. Ki yi na bana da na shekara biyu baya, ki kawo mana.

Autar Zaure:
Yaya na yi. Na zagaye lambobin. Shekara biyu baya ciniki 500, bashin da suke bi 70, ya ba ni kwana 51. Bana ciniki 730, bashi 180, kwana 90. A jawabin shugaban kamfanin ƙaruwar cinikin kawai ya ambata. Wannan na nufin ƙarya suke yi?

Anti Mai Odit:
Kada ki yi saurin cewa ƙarya. Yana iya zama sun sassauta sharaɗin biya don su ja kwastomomi, ko babban ciniki ya faɗo a watan ƙarshe na shekara, ko kuma akwai waɗanda ba za su biya ba an ƙi cire su daga littafi. Ki wuce can bayan rahoton, wajen ƙananan bayanai, akwai jadawalin da ke raba bashin gwargwadon daɗewarsa. Ki duba nawa ne ya wuce wa'adinsa da kwana 90, nawa kuma suka ware don wanda ba zai dawo ba. Ki kwatanta da na shekara biyu baya.

Autar Zaure:
To Anti, na gan shi, shafi biyu ne. Bari in gama jarrabawar gobe in zauna a kansa.

Mai 'Yar Masana'anta:
Ni ma na sa akantana ya fito mini da nawa daren jiya. Ashe ba 120 ba ne, 134 ne, kuma kwastoma ɗaya ne ke riƙe da kusan rabin bashin. Ranar Litinin zan je wajensu da kaina. Mai Bin Sawun Kuɗi, ragin da ka ce a ba su don su biya da wuri, yaya ake lissafa shi kada in ba da fiye da abin da rancen zai ci mini?